Kafaɗar mai walda: yagewar da sikanin na farko bai gani ba

## Kafin raunin

Mutumin yana da shekara 57, mai walda ne, ya haura shekara talatin a sana'ar, kuma da hannun dama yake aiki. Yawancin aikinsa hannu a sama yake yin sa, ko haɗa ƙarafunan rufi, ko liƙe bututu a saman kansa. Yana da ciwon sukari, yana shan maganinsa a kan kari. Kusan shekara guda kafin abin ya faru, kafaɗar dama takan yi masa tsami da yamma, musamman ranar da ya wuni yana aikin sama. Bai taɓa kai ta asibiti ba, tunda da ya kwana ya tashi takan sake shi. Tun yana matashi kuma wani ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa kusa da idon hagu, aka wanke idon, ya warke, ya manta da zancen.

Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, yana zaune a wani ɗan gurbi mara zurfi a jikin allon kafaɗa. Rashin zurfin ne ya ba hannu damar juyawa ta ko'ina, shi ne kuma ya sa gaɓar ta dogara ga tsoka don kada ta goce. Tsokoki huɗu ne ke riƙe da ita: sufrasifinatus a sama, infrasifinatus da teres maino a baya, sabsikafularis a gaba. Kowace tana ƙarewa da farar jijiya mai tauri wadda ke manne ta da ƙashi, jijiyoyin huɗu kuma sun haɗu sun lulluɓe kan damtsen. Wannan lulluɓi shi ne maɗaurin kafaɗa, wanda likitoci ke kira roteto kof. Jijiyar sufrasifinatus ce ta fi yagewa a cikinsu. Tana bi ta wani matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rufi, wato akromiyon, kuma tsakaninta da rufin akwai wata 'yar siririyar jakar ruwa mai rage gogayya.

## Ranar farko zuwa mako na 2

Yana kan tsani, bai fi mita biyu daga ƙasa ba, sai ƙafarsa ta zame. Bai kai ƙasa ba, don ya cafki wani ƙarfe da hannun dama, nauyin jikinsa duka ya rataya a kafaɗar. Ya ce ya ji wani abu ya yi ɗas a ciki, daga nan hannun ya mutu masa murus na ɗan lokaci.

A ranar aka yi masa hoton eksire. Ba karaya, ba gocewa. Tazarar da ke tsakanin kan damtse da rufin kafaɗa milimita 9 ce, wato daidai; sai ta yi ƙasa da 7 ake zargin babbar yagewa da ta daɗe. Eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Aka ce targaɗe ne, aka ba shi maratayin hannu da maganin ciwo na mako biyu.

Bayan makonnin biyu kumburin ya saɓe, ciwon kuwa yana nan. Ba ya iya kwanciya ta gefen dama, kuma ciwon kan tashe shi cikin dare.

## Mako na 3: sikanin na farko

Aka tura shi sikanin. Na'urar tana aika sauti mai saurin kaɗawa, wanda ya wuce abin da kunne ke ji, cikin jiki, ta karɓi amon da ya dawo ta mai da shi hoto. Don kafaɗa ana amfani da kan na'ura mai miƙaƙƙen baki, mai kaɗawa wajen megahaz 10 zuwa 15, saboda jijiyoyin ba su da nisa daga fata. Lafiyayyar jijiya takan fito fara, da zare-zarenta a jere. Ruwa yakan fito baƙi. Ƙashi kuwa farin layi ne mai haske, bayansa duhu, don sautin ba ya ratsa shi.

A wannan rana ciwon bai bar shi ya kai hannu baya ba, sai aka duba shi hannun na ajiye a kan cinya. Awon bai ɗauki lokaci ba. Hotuna huɗu aka adana. Rahoton ya ce jakar ruwan ta kumbura, jijiyar sufrasifinatus ta yi kauri ta nuna alamun gajiya, ba a ga yagewa ba. Rahoton bai ambaci yadda aka ajiye hannun ba, bai kuma ce akwai ɓangaren da ba a samu gani ba.

## Mako na 4 zuwa na 11: allura da motsa jiki

A kan wannan rahoto aka ɗora magani. An yi masa allurar sitiroyid, maganin kashe kumburi, a cikin jakar ruwan, aka gargaɗe shi cewa sukarinsa zai hau na 'yan kwanaki, kuma ya hau ɗin sannan ya sauka. Ciwon ya lafa sosai. A karon farko tun ranar tsanin ya yi barci har asuba. Aka haɗa shi da likitar fisiyo, mai jinya ta hanyar motsa jiki, sau biyu a mako.

Sauƙin ya kai kamar mako uku, sannan ciwon dare ya dawo. Abin da ya fi damunsa shi ne hannun ba ƙarfi. Ƙasa da kafaɗa yana iya riƙe abu mai nauyi, amma ya ɗaga kofin ruwa ya ajiye a kan kanta mai tsayin kansa, ya gagara. Ya koma bakin aiki a mako na 8, ya tarar ba ya iya riƙe maƙalar walda a sama ko da na minti ɗaya. Da ya koma asibiti aka fara zancen sandarewar kafaɗa, cutar da aka san ta fi kama masu ciwon sukari, aka kuma soma shawarar allura ta biyu.

## Mako na 12: abin da likitar fisiyo ta lura da shi

Likitar fisiyo ce ta nemi a dakata. Tana auna motsinsa tana rubutawa, kuma alƙaluman ba su dace da sandarewa ba. In ya ɗaga hannun da kansa ta gefe, a digiri 70 yake tsayawa, yana ɗage kafaɗa zuwa kunne yana karkata jiki. In ita ta ɗaga masa yana kwance, hannun kan kai digiri 165 ba tare da ya cije ba. Sandararriyar kafaɗa ba ta yin haka. Ko wa ya ɗaga ta, a wuri ɗaya take tokarewa.

Ta kai hannun nasa daidai kafaɗa, ta ce, "Baba, zan saki. Ku sauke shi a hankali."

Tana saki, hannun ya riƙe kamar na daƙiƙa ɗaya, sannan ya faɗo. Ya kalle ta ya ce, "'Yata, ba ni na sake shi ba."

Ta rubuta wa likitan ƙashi. Shi kuma ya duba wuya da jin taɓi a fatar kafaɗa, don ya kawar da zargin jijiyar laka, ya ga komai lafiya. Sannan ya zuba maganin kashe zafi a ƙarƙashin rufin kafaɗar, ya jira minti goma. Ciwon ya tafi, rashin ƙarfin bai tafi ba. Wannan gwaji yana raba mutumin da ciwo ya hana ɗaga hannu da wanda abin ɗagawar ne ya tsinke.

Aka rubuta masa MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. A takardar tambayoyin da ake cikewa kafin shiga akwai tambayar ko ƙarfe ya taɓa shiga ido, nan ya tuna da zancen ƙuruciyarsa. Eksire na kwarmin ido ya nuna ɗan ɓarɓashin yana nan. Maganaɗisun MRI na iya motsa irin wannan ƙarfe ya lahanta ido, saboda haka aka soke awon. Abin da ya rage shi ne CT, wato eksire na kwamfuta, bayan an zuba rini a cikin gaɓar, ko a maimaita sikanin. Aka zaɓi sikanin, a wurin likitan hoto wanda aikinsa na kullum duba gaɓoɓi ne.

## Mako na 13: sikanin na biyu

An zaunar da shi a kan kujera mai juyawa, mara majingina, likitan na tsaye a bayansa yana kallon allon ta kan kafaɗarsa. Ya fara da jijiyar ƙwanji, wadda ke bi ta wani ɗan kwari a gaban ƙashin damtse, domin da ita ake gane inda ake: sabsikafularis na gefenta ta ciki, sufrasifinatus kuma tana farawa daf da ita ta baya. Jijiyar na wurinta, amma akwai baƙin zobe na ruwa kewaye da ita, alamar ruwa a cikin gaɓar. Sabsikafularis lafiya. Infrasifinatus da teres maino ma lafiya.

Sai aka zo kan sufrasifinatus. In hannu na ajiye a gefe, wani sashe na wannan jijiya yana ɓoye ƙarƙashin akromiyon, inda sauti ba ya kaiwa. Don a fito da ita sai an kai hannu baya. Likitan ya ce, "Malam, ku ɗora tafin hannunku a kan aljihun baya, gwiwar hannun ta kalli baya. Kada ku yi sauri." Wannan shi ne sassauƙan nau'in matsayin da aka san shi da sunan Crass. A cikakken nau'in, bayan hannu ake kaiwa tsakiyar baya, abin da mai sabon rauni ba kasafai yake iya yi ba. Sai da aka huta sau biyu kafin hannun ya kai.

Kallon farko, jijiyar ta yi kamar tana nan. Akwai wani abu mai ruwan toka a inda ya kamata ta kasance. Amma ba shi da zare-zare, kuma layin da ke samansa, wanda a lafiyayyar kafaɗa yake tasowa kamar baka, ya lotsa ciki. Likitan ya danna kan na'urar. Abin ya baje, babbar tsokar saman kafaɗa, wato deltoyid, ta sauko ta taɓa kan ƙashi. Da ya sassauta, abin ya dawo ya cike gurbin. Jijiya ba ta bajewa in an danna ta. Abin da ke wurin ruwa ne da kumburarren naman jakar da ya zubo cikin ramin, kamar ciyawar da ta rufe bakin rijiya.

Bai tsaya nan ba, domin akwai ruɗin da kowane mai sikanin jijiya ya sani, anisotirofi. In sautin bai sauka a kan zaren jijiya a tsaye cak ba, ko da 'yan digiri kaɗan ya karkace, amon kan kauce wa na'urar, lafiyayyar jijiya ta fito baƙa kamar ta yage. Sufrasifinatus kuwa lanƙwasa take yi daf da inda ta manne da ƙashi, don haka nan ne ruɗin ya fi yawa. Maganinsa a jirkita kan na'urar gaba da baya: duhun ruɗi yakan washe, na yagewa ba ya gushewa. Ya jirkita, bai washe ba. Ya juya na'urar ya dubi wurin a tsaye da a kwance, ramin na nan ta fuskokin biyu.

Wasu alamu biyu suka ƙara tabbatarwa. Saman guringuntsin da ke kan damtsen ya fito da wani siririn layi mai haske, abin da ake gani in ruwa ne ke kwance a kansa kai tsaye. Tudun ƙashin da jijiyar ke mannewa kuma ya yi kaushi, da 'yan ramuka, wanda ke nuna wurin ya daɗe yana cin wuya tun kafin ranar tsanin.

Awon ya nuna yagewa ce da ta ratsa kaurin jijiyar gaba ɗaya, a gefenta na gaba, 'yan milimitoci bayan jijiyar ƙwanji. Faɗinta daga gaba zuwa baya milimita 17, bakin jijiyar kuma ya ja da baya da milimita 14. A rabon DeOrio da Cofield na 1984, abin da bai kai santimita 1 ba ƙarama ce, 1 zuwa 3 matsakaiciya, 3 zuwa 5 babba, abin da ya haura 5 kuma gagaruma. Tasa matsakaiciya ce.

Daga nan ya hau kan tsokar ita kanta, a saman allon kafaɗa. Tsokar da jijiyarta ta daɗe a tsinke takan motse, kitse ya shige ta, kuma ɗinki ba ya mai da wannan baya. Goutallier da abokan aikinsa a Faransa ne suka tsara matakan wannan kitse a 1994, da hoton CT. A sikanin ana kimanta shi ne ta kwatanta hasken tsokar da na wadda ke samanta. Tasa ta ɗan rage kauri, amma ba ta yi fari ba, kuma tsarin zarenta na fitowa.

A ƙarshe ya duba kafaɗar hagu don kwatance. Nan ma sai ga 'yar yagewa a ƙasan jijiyar sufrasifinatus, zurfinta milimita 3, ba ta ratsa ba. Mutumin ya ce wannan hannun bai taɓa yi masa ciwo ba.

Da aka ɗauko hotuna huɗu na mako na 3, an ga duka sashen baya na jijiyar suka ɗauka, inda take lafiya. Babu ko ɗaya da ya haɗa da jijiyar ƙwanji.

## Mako na 14: shawara

Likitan ƙashi ya shimfiɗa masa hanyoyi biyu. Ganin yagewa a hoto ba ya wajabta tiyata, kuma hagunsa shaida ce. A wani bincike da aka wallafa daga Jamus a 1999, an yi wa mutum 411 marasa ciwon kafaɗa sikanin, aka sami yagewa a kashi 23 cikin 100 nasu: kashi 13 a 'yan shekara 50 zuwa 59, kashi 51 a waɗanda suka haura 80. Wani binciken na asibitoci da dama a Amurka, wanda ya fito a 2013, ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na masu cikakkiyar yagewa sun kai shekara biyu ba tare da tiyata ba, da motsa jiki kaɗai. Sai dai waɗancan yagewar tasu a hankali ta zo, ba ta hanyar rauni ba.

Nasa lamarin ya bambanta. Akwai ranar da ƙarfin ya tafi farat ɗaya, an yi mako takwas ana motsa jiki bai dawo ba, abincinsa kuma yana hannun sama. Tsokar ma tana da sauran lafiyar da za ta amfana da ɗinki. Ya zaɓi tiyata. An fasa allura ta biyu, saboda sitiroyid daf da tiyata na iya kawo cikas ga warkewar jijiya, aka kuma nemi ya daidaita sukarinsa sosai kafin ranar.

## Mako na 16: tiyata

An yi ta da kyamara, ta ƙananan huji. Yagewar na daidai inda sikanin ya nuna. Bayan an share gefunanta da suka ruɓe, faɗin ya kai santimita 2. Jijiyar ta jawu zuwa mazauninta ba tare da an tilasta ta ba, aka kafa 'yan ƙusoshi masu zare a tudun ƙashin aka ɗinke ta a kai.

## Bayan tiyata: mako 6 zuwa wata 12

Mako shida hannun na cikin maratayi, likitar fisiyo ce kaɗai ke motsa shi. Daga nan ya fara ɗagawa da kansa. Ba a ba shi nauyi ba sai bayan mako goma sha biyu.

A wata na 3 hankalinsa ya tashi, don kafaɗar ta ƙi wuce digiri 110 kuma tana ciwo. Ya ɗauka ɗinkin ne ya warware. Sikanin ya nuna jijiyar mai dabbare-dabbare, fari da toka, da ɗigon haske inda zaren ɗinki ya bi. Wanda bai saba ba zai iya kiran wannan sabuwar yagewa, alhali haka ɗinkakkiyar jijiya take fitowa tsawon watanni. Da aka danna ba ta baje ba, da aka motsa hannun kuma ta tafi tare da ƙashin. A wannan karon, ko likita ce ta ɗaga hannun, a 110 ɗin yake tokarewa. Sandarewa ce ta bayan tiyata, aka ƙara masa miƙe gaɓa.

A wata na 6 ya kai digiri 150 da kansa, ya koma aikin da ba ya wuce tsayin ƙirji. A wata na 9 ya koma aikin sama, yana hutawa a tsakani. A wata na 12 ya kai digiri 165, ciwon dare ya ɗauke, ƙarfin dama ya kusa na hagu amma bai cim masa ba. Sikanin ya nuna jijiyar a manne, ta ɗan fi ta hagu siranta.

## Hukunci

Irin na'urar ɗaya ce aka yi amfani da ita a mako na 3 da na 13. Abin da ya bambanta shi ne inda hannun yake, da farawa daga jijiyar ƙwanji, da dannawa, da duba ta fuska biyu. Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 20 a 2013, ta ga sikanin na kama kusan 92 cikin 100 na yagewar da ta ratsa, MRI kuma 94. A yagewar da ba ta ratsa ba ne sikanin ke kama kusan rabi kawai. Wato yagewarsa tana cikin irin da sikanin ya ƙware a kai. Amma waɗannan alƙaluma na awon da aka yi shi cikakke ne.

Ba na ganin laifin wanda ya ƙi murɗa hannun mai ciwo a mako na 3. Inda nake ganin gyara shi ne rahoton. Da ya ce hannun bai kai baya ba, gefen gaba na jijiyar bai ganu ba, a sake dubawa bayan ciwo ya lafa, da makonnin da allura ta kawo sauƙi sun zama lokacin maimaita awon. Kalmomin "ba a ga yagewa ba" sai aka karanta su a matsayin "babu yagewa", aka yi mako goma a kan haka. Allurar ta yi abin da aka san ta da shi, ta kashe kumburi na ɗan lokaci. Motsa jikin ma bai tafi a banza ba, shi ya hana gaɓar ƙagewa kafin tiyata, kuma a wurinsa ne aka tara alƙaluman da suka ƙaryata rahoton: 70 da kansa, 165 in an ɗaga masa. Jinkirin bai kai ga tsokar ta cika da kitse ba, shi ya sa ɗinkin ya kama. Da an yi allura ta biyu an ƙara wasu watanni, ba lallai a same ta a haka ba.

Kafaɗar hagu ba a taɓa ta ba. An koya masa motsin ƙarfafa ta, aka ce ya dawo a sake duba ta in ta fara tashinsa da dare ko ƙarfinta ya ragu.